Kofin Reluwe: Gasar Larduna Huɗu da Ta Taɓa Tara Dubban Mutane a Filin Croke Park

Ranar 17 ga Maris, 1954, mutum 49,023 ne suka shiga filin Croke Park da ke Dublin, babban birnin ƙasar Ailan, domin kallon wasannin ƙarshe na Kofin Reluwe. Shekara sittin bayan nan, gasar nan dai ake bugawa a gaban 'yan ɗaruruwan mutane, har aka kai ga daina ta. Ba yaƙi aka yi ba, ba kuma haramta ta aka yi ba. Ɗaya daga cikin wasanni biyun da ake bugawa a cikinta, wato hurling, ƙara farin jini ma ya yi a waɗannan shekaru. Gasar ce kawai ta yi ta ramewa har ta kwanta. Na daɗe ina sha'awar labarinta, domin ya nuna mini abin da ke raya gasa da abin da ke kashe ta, ya kuma nuna wanda asara ke faɗa wa idan ta mutu.

Bari in fara da wasan kansa. Hurling wasa ne na sanda da ƙwallo, mutum 15 a kowane ɓangare, a fili da ya fi na ƙwallon ƙafa tsawo da faɗi. Sandar ana sassaƙa ta daga itacen da suke kira ash, kuma masassaƙi yakan nemi gindin bishiyar, daidai inda itace ya lanƙwasa zai shiga saiwa, don zaren itacen ya bi lanƙwasar bakin sandar, kada ta tsage da wuri. Ƙwallon ƙarama ce, tana shiga tafin hannu, an lulluɓe ta da fata mai ɗinki a tashe. Ɗan wasa yana da damar cafe ta a iska, ya yi taku huɗu da ita a hannu, ko ya ɗora ta a bakin sanda ya yi ta gudu tana zaune, ko ya buge ta daga nesa. Ba shi da damar jefa ta, ko ɗaukar ta daga ƙasa da hannu. Idan ƙwararre ya sake ta, gudunta kan wuce kilomita 150 a awa. Sai a 2010 aka wajabta wa kowa sanya hular kwano, don haka yawancin mazajen da zan ambata da kai a buɗe suka yi wasansu.

Lissafin ci iri biyu ne. Idan ƙwallo ta shiga raga, maki uku ke nan. Idan ta bi ta saman sandar raga tsakanin dogayen turaku biyu, maki ɗaya. Shi ya sa ake rubuta sakamako da lamba biyu: 2-5 na nufin ƙwallo biyu a raga da maki biyar, jimla 11.

Wasan tsoho ne ƙwarai. Yana cikin tatsuniyoyin jarumansu na dā, kuma a 1366 Dokokin Kilkenny sun hana Ingilishi mazauna Ailan yin sa, don gudun kada su saje da 'yan ƙasa. Amma tsarin da ake bi a yau ya samo asali ne ranar 1 ga Nuwamba, 1884, lokacin da Michael Cusack da Maurice Davin da wasu 'yan mutane kaɗan suka zauna a otal ɗin Hayes da ke garin Thurles suka kafa ƙungiyar GAA. Manufarsu ita ce raya wasannin ƙasarsu a zamanin da Ingila ke mulkinta. Sun gina ƙungiyar a kan ginshiƙai biyu da har yau suna nan. Na farko, ba a biyan ɗan wasa albashi. Manomi ne, ko malamin makaranta, ko direba, ya gama aikinsa ya zo atisaye da yamma. Na biyu, ba a saye ko sayar da ɗan wasa. Kulob ɗin ƙauyenku ko unguwarku za ka yi wa wasa, in ka yi fice a ɗauke ka ka wakilci gundumarku.

Wannan ginshiƙi na biyu shi ne darajar wasan, shi ne kuma ciwonsa. Ailan tana da gundumomi 32, amma hurling bai yi ƙarfi a dukkansu ba. Kilkenny da Cork da Tipperary su uku sun kwashe mafi yawan kofunan ƙasa baki ɗaya, wanda ake kira All-Ireland. Sannan a wancan zamani gasar ta sili-ɗaya-ƙwale ce: an doke ku sau ɗaya, kun fita sai baɗi. Wanda Allah ya yi wa baiwa amma aka haife shi a gunduma mai rauni, yana iya shafe shekara goma sha biyar yana buga babban wasa ɗaya tak a kowane bazara, ya tsufa bai taɓa ɗaga kofin ƙasa ba. Ga wannan mutum ne Kofin Reluwe ya zama ƙofa.

Gundumomin 32 sun kasu cikin tsofaffin larduna huɗu: Munster a kudu mai gunduma shida, Leinster a gabas mai 12, Connacht a yamma mai biyar, da Ulster a arewa mai tara. Wanda ya saba zuwa gidan dambe ya san yadda ake raba 'yan wasa zuwa Kudu da Arewa da Guramaɗa, kowane ɓangare ya fito da zaratansa ko daga wane gari suke. Haka aka yi a nan. Kowane lardi ya tsamo mutum 15 mafi iyawa daga gundumominsa, a sa musu riga ɗaya: Munster shuɗiya, Leinster koriya, Connacht fara, Ulster rawaya. An gwada irin wannan tun daga 1905, aka yi 'yan shekaru aka bari. A 1927 aka dawo da ita da ƙarfi, kamfanin jirgin ƙasa na Great Southern Railways ya ba da kofunan, ɗaya na hurling ɗaya na ƙwallon ƙafarsu ta gargajiya, daga nan sunan ya samo asali. Kamfanin ya san abin da yake yi. Motoci ba su yawaita ba, duk mai zuwa Dublin kallo daga karkara sai ya yanki tikitin jirgi.

Wasan ƙarshe na farko an yi shi ranar 17 ga Maris, 1927, Leinster ta doke Munster da 1-11 da 2-6. Wannan rana ita ce ta Waliyyi Patrick, babbar ranar hutun ƙasar, kuma a ganina ita ce rabin nasarar gasar. Hunturu ya wuce, manyan gasannin bazara ba su fara ba, mutane suna ƙishirwar wasa. Mutum ya je coci da safe, ya hau jirgi, ya isa Croke Park ya ga wasan ƙarshe biyu da tikiti ɗaya, ya dawo gida da dare yana ba da labari. Ku tuna babu talabijin. Manomi a Clare ko Antrim ya san sunayen manyan 'yan wasa ne daga jarida, ko daga muryar Micheál O'Hehir, wanda ya fara sharhin wasanni a rediyo a 1938. Rana ɗaya ce a shekara da zai ga mafi iyawa 30 a ƙasar cikin fili ɗaya da idonsa. Gani ya kori ji.

Cikin dukan kakannin gasar, ta 1947 ce na fi tsayawa a kanta. A lardin Connacht, gunduma ɗaya ce kawai ke da hurling mai ƙarfi, wato Galway. Saboda haka ba su da abokin gwabzawa a gida. Kowace shekara sai su zauna jira har sauran larduna su gama fafatawa, sannan a jefa su kai tsaye wasan kusa da na ƙarshe su haɗu da ƙungiyar da ta riga ta yi zafi. Rabonsu da kofin All-Ireland tun na 1923. A shekarun 1940 sun sami 'yan wasa na gani na faɗa, irin su mai tsaron raga Seánie Duggan da Josie Gallagher, amma a 1944 Cork ta fitar da su da maki ɗaya, a 1945 Kilkenny ta fitar da su da maki ɗaya.

Hunturun 1947 na daga cikin mafi tsanani da aka gani a ƙasar, dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi makonni. Connacht ta shigo gasar da 'yan Galway zalla, gunduma ɗaya sanye da rigar lardi. Suka fitar da Leinster, suka isa wasan ƙarshe, wanda a wannan shekara sai ranar 6 ga Afrilu aka buga shi. A gabansu akwai Munster, wadda ta ɗauki kofin sau biyar a jere daga 1942 zuwa 1946, ga 'yan Cork masu riƙe da kofin ƙasa a cikinta, ga na Tipperary da Limerick. An tashi Connacht na da 2-5, Munster na da 1-1. Wato cikin minti sittin, zaɓaɓɓun 'yan gaba na gundumomi shida sau biyu kacal suka iya ci. A bazarar wannan shekara Kilkenny ta sake fitar da Galway daga gasar ƙasa, da maki ɗaya kuma. Duggan da Gallagher har suka ajiye sanda ba su sami lambar All-Ireland ba. Amma ranar 6 ga Afrilu ta isa shaida cewa a zamaninsu babu wanda ya fi su, kuma ba don wannan gasa ba da babu inda za a rubuta wannan shaida.

Connacht ba ta sake ɗaukar kofin ba sai a Maris na 1980. A Satumbar wannan shekara Galway ta ɗauki All-Ireland, bayan jiran fiye da rabin ƙarni, Joe Connolly ya karɓi kofin ya yi jawabi da harshensu na gado. Wanda ya ce nasarar Maris ba ta da hannu a ta Satumba, ban yarda da shi ba. Ƙungiyar da ta ga ta kayar da manya sau ɗaya takan daina jin tsoronsu.

Ba za a yi maganar Kofin Reluwe ba a ambaci Christy Ring ba. An haife shi a Cloyne cikin gundumar Cork a 1920, ya yi shekaru yana tuƙa motar rarraba mai, kuma da yawa suna ɗaukar sa mafi iya hurling da aka taɓa yi. Ya ci All-Ireland sau takwas. Irin wannan mutum ba ya buƙatar wata gasa ta fito da shi, amma babu wanda ya riƙe ta da muhimmanci kamarsa. Ya yi wa Munster wasa daga 1942 zuwa 1963, ya ɗauki kofin sau 18, adadin da babu wanda ya kusance shi. A 1959 an ɗage wasan ƙarshe zuwa 7 ga Yuni don ya dace da buɗe sabuwar rumfar 'yan kallo ta Hogan, wadda ke ɗauke da sunan Michael Hogan, ɗan wasan Tipperary da dakarun Birtaniya suka harbe a cikin wannan fili ranar 21 ga Nuwamba, 1920, cikin mutum 14 da aka kashe. Ring yana da shekara 38 a ranar. Ya zura ƙwallo huɗu a raga ya ƙara da maki biyar, jimla 17. Connacht gaba ɗayanta 12 ta samu. Munster ta ci da 7-11 da 2-6.

Abin da ya ƙara wa ranar armashi shi ne ganin abokan gaba cikin riga ɗaya. Cork da Tipperary a shekarun 1950 ba sa ga-maciji. John Doyle na Tipperary, ɗan baya mai ƙarfin tsiya, aikinsa a bazara shi ne hana 'yan gaban Cork shan iska. A watan Maris sai ga shi yana kwaso ƙwallo daga baya yana aika wa Ring. A ɓangaren Leinster, 'yan Kilkenny su tsaya kafaɗa da kafaɗa da 'yan gidan Rackard na Wexford, Nicky da Bobby da Billy. Jack Lynch, wanda daga baya ya zama firaministan ƙasar, shi ma ya sa shuɗiyar rigar Munster.

Sai dai ni waɗanda suka fi taɓa zuciyata su ne irin su Jimmy Smyth na Clare. A 1953 shi kaɗai ya ci 6-4 a wasa ɗaya da Limerick. Amma Clare ba ta ɗauki kofin lardinta ba tun daga 1932 har 1995, duk zamanin wasansa ya faɗa cikin wannan fari. Tare da Munster kuwa ya ɗauki Kofin Reluwe sau takwas. Haka Pat Dunny na Kildare, gundumar da ba a lissafa ta cikin manyan hurling, ya sami lambobinsa tare da Leinster. Haka 'yan Ulster, waɗanda suka shigo gasar a 1944. Hurling ɗinsu yana tattare ne a 'yan wurare, kamar kwazazzaban Antrim da zirin Ards a gundumar Down, kuma tun 1921 iyaka ta raba lardin, gunduma shida a ƙarƙashin Birtaniya uku a kudu, amma riga ɗaya suke sawa. A 1945 suka fitar da Leinster suka isa wasan ƙarshe. A 1995 maki ɗaya ya raba su da kofin a hannun Munster. Ba su taɓa ɗauka ba har gasar ta ƙare, amma kowace shekara suna da ranar da za su gwada ƙashinsu da manya.

Shekarar 1962 ta haɗa ƙololuwar gasar da farkon gangarowarta. A ranar 17 ga Maris, Des Foley na Dublin ya buga wasan ƙarshe na hurling tare da Leinster suka ci, ya sake shiga fili ya buga na ƙwallon ƙafa suka sake ci. Lamba biyu a yini ɗaya. A wannan rana kuma sabon gidan talabijin na ƙasar, wanda bai cika wata uku da buɗewa ba, ya nuna wasannin kai tsaye. Daga nan mutumin karkara ya fara ganin taurari daga cikin ɗakinsa, ba sau ɗaya a shekara ba kuma. Dalilin hawa jirgi a cikin sanyin Maris ya ragu.

Abubuwa suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. A 1971 aka fara bayar da lambar All-Star, wadda ke zaɓen mutum 15 mafi fice a shekara, sai girman da ake samu da shiga tawagar lardi ya sami kishiya. A daidai wannan lokaci aka ƙirƙiro gasar kulob-kulob ta ƙasa baki ɗaya. An gwada shigo da tawagar jami'o'i a farkon shekarun 1970, bai hana kujeru zama wayam ba, duk da cewa Leinster ta su Eddie Keher ta ɗauki kofin sau biyar a jere daga 1971 zuwa 1975. Babban bugu ya zo a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da aka ba wasannin ƙarshe na kulob-kulob ranar Waliyyi Patrick da filin Croke Park. Kofin Reluwe ya rasa ranarsa da gidansa lokaci guda. Aka riƙa yawo da shi daga wata zuwa wata, daga gari zuwa gari. Masu horar da gundumomi suka fara ƙin sakin 'yan wasansu don gudun rauni. A 1990 ko buga shi ba a yi ba.

A nan ne gaskiyar da cunkoson 1954 ya ɓoye ta fito fili. Ɗan Ailan yana mutuwar son ƙauyensu, yana mutuwar son gundumarsu. Idan kulob ɗin ƙauye ya isa Croke Park, har tsofaffi da jarirai ake kwasowa, a rufe shaguna. Lardi kuwa babu wanda ya taso yana kuka dominsa. Mutane sun zo kallon gwanaye ne, da suka sami wata hanyar ganinsu sai suka zauna a gida.

An yi ƙoƙarin ceto. Wani ɗan kasuwa, Martin Donnelly, ya ɗauki nauyin gasar a shekarun 2000, aka riƙa kai wasan ƙarshe ƙasashen waje don jan hankalin 'yan wasa da 'yan Ailan mazauna ƙetare: Rum a 2003, Boston a 2005, Abu Dhabi a 2009. Niyyar mai kyau ce, 'yan wasa kuma sun ji daɗin tafiyar. Amma gasar da ba ta da 'yan kallo a gida, kai ta nesa ba zai samo mata su ba. Ba a buga ta a 2010 da 2011 ba, a 2015 guguwa da ruwa suka sa aka soke. Ta ƙarshe ita ce ta Disambar 2016, Munster ta doke Leinster a filin Semple da ke Thurles, garin da aka kafa GAA. Lissafi ya tsaya Munster na da kofi fiye da 40, Leinster na biye, Connacht na da 11. A 2024 an sake tara larduna na ɗan lokaci a ƙwallon ƙafa don gwada sababbin dokoki, amma ba a yi wa hurling haka ba.

Hurling kansa yana cikin ƙoshin lafiya. A 2018 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya, kuma wasan ƙarshe na All-Ireland yana cika Croke Park mai ɗaukar mutum 82,300. Ɗan Kilkenny ko Limerick bai yi asarar komai ba da mutuwar Kofin Reluwe. Wanda ya yi asara shi ne gwanin da aka haifa a Kerry ko Westmeath ko Down. An ƙirƙiro wa gundumominsu ƙananan kofuna, ɗaya ma yana ɗauke da sunan Christy Ring, kuma abu ne mai kyau. Amma a can da tsaransa yake karawa. Ranar da zai tsaya cikin riga ɗaya da mafi iyawa a ƙasar, ya karɓi ƙwallo daga hannunsu, jama'a su auna shi da su, ita ce ta tafi, kuma babu abin da ya maye gurbinta.

Hukuncina shi ne ba rashin kuɗi ya kashe wannan gasa ba, domin ta sami mai ɗaukar nauyi har kusan ƙarshenta. Ta rayu ne da tsayayyar rana da kowa ya sani, da kuma abin da ba a iya gani sai an je. Talabijin ya ɗauke na biyun, wannan babu yadda za a yi da shi. Na farkon kuwa masu gasar ne da kansu suka ɗauke, kuma daga ranar ba ta sake miƙewa ba. Duk mai riƙe da wata gasa ko wani biki na gado, ya kula da ranarsa da filinsa, ya kuma tambayi kansa wane ne zai rasa wurin tsayawa idan abin ya mutu, tun kafin ya mutu.